Tabo a Kunnen Sarauniya

Motar ta fara motsi tun Auta ba ta gama taimaka wa mahaifinta ya hau ba. Kwandasta ya miƙo hannu zai karɓi akwatin da tsohon ya rungume a ƙirji, tsohon ya yi masa wani kallo, sai ya janye hannunsa ya koma kiran fasinja.

"Baba, kawo in riƙe maka."

"Ke dai zauna."

Ta zauna. Akwatin na katako ne, bai fi girman babban littafi ba, an naɗe shi da tsohon tawul. Shekara talatin da huɗu mahaifinta ya yi a gidan waya, a kan teburin karɓar saƙonni, har mutane suka mance sunansa suka bar shi da Akawu. Abin da ya fito da shi daga aikin nan, ban da fansho da ciwon baya, shi ne son tsofaffin tsabar kuɗi. Har na ƙasashen da suka canza suna yana da su, kowace da gurbinta da 'yar takardar bayaninta. Marigayiya uwar Auta takan ce Allah ya haɗa ta da mai tara kuɗin da ba sa sayen ko gishiri.

Irinsa su shida ne a garin, duk tsofaffi. Kowace Asabar suke haɗuwa a ɗakin bayan shagon wani mai gyaran agogo, su sha shayi, su duba kayan juna, kowa ya rage farashin da ya sayi nasa don a ce ya iya ciniki. Tun rasuwar matarsa, Akawu ba ya zuwa ko'ina sai can. Tun ranar Alhamis yake ba da gugar rigar da zai sa. Amma yau Talata ce, kuma Mai Agogo da kansa ya bugo waya da safe ya ce ya zo, ya taho da Sarauniya. Shi ya sa Auta ta nemi izini a kemis ɗin da take aiki ta zo raka shi, don tun da aka yi masa aikin ido bai ƙara yarda da matakalar mota ba.

Sarauniya tsabar azurfa ce, faɗinta kamar bakin kofin shayi, da kan wata mai sarauta da ta mutu tun kafin a haifi kakan Akawu. Kaɗan aka buga a shekararta, shi ya sa ake rububinta. Tana da tabo guda a ƙasan kunne, siriri, ya ɗan lanƙwasa. Auta ce ta yi shi da ƙusa tana 'yar shekara shida, wai ta ga sarauniya guda babu hujin kunne. Kwana biyu uban bai yi mata magana ba. Daga baya labarin ya zama abin da yake ba kowane baƙo, yana dariya har da share hawaye.

"Me suke so da ita yau?" in ji Auta.

"Hedimasta ne ya sayo irinta, a gwanjon nan na intanet. Wai ya samo mata ƙanwa." Ya gyara tawul. "Ina jin so yake a jera su a gani, ya samu abin cika baki."

Kalmar gwanjo ta tsaya wa Auta a rai. Sana'ar mijinta ke nan shekara biyu, tun da shagon wayoyinsa ya mutu. Ya sa hoton kaya a shafin gwanjo, mutane su yi ta tayawa, wanda ya fi taya mai tsoka ya ɗauka. Da tsofaffin agogo ya fara, da rediyo, da kyamara. A 'yan watannin nan kuma sai ƙananan ƙunshi, waɗanda yake kawo mata a manne, ita dai nata rubuta adireshi. Ta kori tunanin. Masu saye da sayarwa a intanet ai sun wuce a ƙirga.

Shagon Mai Agogo yana tsakanin wani tela da mai sayar da tabarau. Agogo sun kai arba'in a bango, babu biyu da suka yarda da juna a kan lokaci. Ɗakin bayan kuwa ƙarami ne: tebur mai shimfiɗar koren ƙyalle, fitila mai dogon wuya, da kanta inda aka kife kofuna shida, kowa da nasa. Mutum uku suka tarar. Ga Mai Agogo, ga Hedimasta, ga Sufeto, tsohon ɗan sanda da ya ajiye kaki amma bai ajiye halin ba. Aka gaisa, gaisuwar ba ta yi tsawon da ta saba ba. Babu wanda ya ɗora ruwan shayi.

Hedimasta mutum ne da ba ya iya magana sai ya miƙe tsaye, ko da mutum ɗaya ne a gabansa. Ya miƙe.

"Akawu, wata huɗu da suka wuce na ga wannan a gwanjo. Mai sayarwar yana kiran kansa Tsohon Ma'aji, sama da mutum ɗari sun yaba masa a shafin. Kwana bakwai ina fafatawa da wani da ban san fuskarsa ba, na kayar da shi saura daƙiƙa biyar a rufe. Na ɓoye ta ban nuna muku ba, ina jiran ranar da zan ba ku mamaki."

"To ga mamakin ya zo," in ji Sufeto. Ya ajiye wata tsabar kusa da ta Hedimasta. "Makon jiya ni ma na ga wata a wurin mutumin nan, na saya. Na kai wa Hedimasta don in yi masa burga, sai kawai ya nemi kujera."

Mai Agogo ya jawo fitila. Akawu ya warware tawul, ya buɗe akwati, ya ɗauko Sarauniya ta gefe da yatsu biyu ya jera ta da sauran. Aka miƙa masa gilashin da Mai Agogo yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo.

"Duba ƙasan kunne."

Ya daɗe a duƙe. Da ya ɗago sai ya miƙa wa Auta gilashin. Ta duba. Sarauniya uku, tabo uku, wuri ɗaya, lanƙwasa ɗaya. Aikin da ta yi da ƙusa shekara talatin da suka wuce, ga shi an maimaita mata shi har sau biyu.

Mai Agogo ya ɗora kowace a kan ɗan sikelinsa. Biyu ba su cika nauyi ba. Sannan ya ɗora ta Hedimasta a kan yatsa ya ƙwanƙwasa gefenta da fensir. Ta ce tak, ta yi shiru. Ta Sufeto ma haka. Da ya ƙwanƙwasa ta Akawu sai ta ɗauki wata siririyar ƙara, ta ja ta, ta yi ta ja, har sai da ya taɓa ta ta daina.

"Kun dai ji," in ji Akawu, yana murmushi. Bai gane inda maganar ta dosa ba tukuna.

"Mun ji," in ji Mai Agogo, idonsa a kan tebur. "Taka ta gaske ce, babu mai musu. Matsalar ke nan. Waɗannan biyun jabu ne, tagulla ce aka zuba aka shafa mata ruwan azurfa. Shi kuwa mai zubi sai ya samu ta gaske ya danna a roba ya ɗauki siffarta, duk abin da ke jikinta ya fito, har da tabo. Taka ce uwarsu, Akawu. A jikinta aka ɗauka."

"Ba mu ce kai ne ba," in ji Hedimasta.

"Ba mu kuma ce ba kai ba ne," in ji Sufeto.

Murmushin ya ɗauke. Akawu ya dafa tebur. "Shekara arba'in da ɗaya tana hannuna. Ba ta taɓa kwana a wajen ɗakina ba."

Auta ta san ba haka ba ne. Bara, da aka cire masa yanar ido, kwana goma sha biyu ya yi a gidanta da bandeji a fuska. Ya ƙi barin akwatin a gidan da babu kowa, aka taho da shi aka sa a kabad ɗin ɗakinsu. Mijinta ne ya ɗauko shi daga mota da hannu biyu. Shi ne kuma ya riƙa zama da tsohon yana tambayarsa tarihin kowace tsaba, har Akawu ya ce ashe dai yaron nan yana da hankali.

"Wa ya aiko muku?" in ji Akawu. "Ai saƙo yana da mai aikowa."

"Na je adireshin," in ji Sufeto. "Katangar gidan mai ce. Lambar ma babu ita a titin." Ya zaro ambulan mai kauri daga aljihu. Hedimasta ya jefar da nasa tun ranar, shi kuwa Sufeto ko rasit ɗin aski ba ya jefarwa.

"Kawo in ga hatimin," in ji Akawu. "Aikina ne. Zan gaya muku daga reshen da ya fito."

Ya karɓa ya kai shi ƙarƙashin fitila, amma bai kai ga duba hatimin ba. An rubuta sunan mai karɓa da manyan baƙaƙe, kowane a tsaye. Lambar gida tana layinta daban. Sunan gari a ƙasa, an ja masa layi biyu da rula. An manna salatif a gicciye, an ɗan naɗe bakinsa don mai buɗewa ya samu wurin kamawa. A zamanin da kowa yake buga adireshi da inji, mutum ɗaya ne a garin yake yin haka, kuma mutum ɗaya ya koya wa, a teburin cin abinci, lokacin tana aji huɗu.

Daga inda take tsaye Auta ta gane rubutunta. Ita ba ta taɓa sanin sunan Sufeto na yanka ba, da Sufeto ta san shi, shi ya sa ta rubuta shi makon jiya tsakanin wanke-wanke da shirya yara ba ta ji komai ba. Shi ma mijin nata bai san su waye masu sayen ba. Sunaye ne kawai a waya.

Akawu ya bi layi biyun nan da babban yatsa. Bai waiwayo ya dube ta ba. Ya kife ambulan ɗin a kan tebur.

"Hatimin ya goge," ya ce. "Na tuna yanzu. Na taɓa ba wani aronta."

"Wa?" in ji Sufeto.

"Ba zan faɗa ba."

"Yanzu ka ce ba ta taɓa kwana a waje ba."

"Tsufa ne. Na manta, na tuna."

"Akawu, ka san abin da kake ja wa kanka? Mutumin nan Allah kaɗai ya san mutum nawa ya cuta. Zan sa hotunan nan a dandalinmu na masu tarawa in gargaɗi jama'a. Za a tambaye ni ta gasken tana hannun wa, kuma zan faɗa. Za a ce me ya ce, in ce ya ƙi magana."

"Ka faɗa. Daga gidana ɓarnar ta fito, ku ɗora a kaina." Ya tura Sarauniya gaban Hedimasta da yatsa ɗaya. "Riƙe wannan a madadin taka. Sufeto, kai ma ka zaɓi wadda ta yi maka a cikin akwatin."

Hedimasta ya zauna, abin da ba ya yi a tsakiyar magana. Bai taɓa ta ba.

"Mayar da abarka," in ji Mai Agogo a hankali. "Yanzu duk wanda ya ga tabon nan zai ce jabu ce. 'Ya'yanta sun ɓata mata suna." Ya cire tabaransa ya goge da bakin riga. "Shekara ashirin muna tare, ba na so in faɗi wannan. Amma mu nan amana ce kawai muke da ita, mutum ya ba ka abinsa ka juya a hannu. Ka ɗan huta da zuwa, har ranar da za ka iya gaya mana sunan."

Akawu ya gyaɗa kai kamar an gaya masa lokacin tashin mota. Ya mayar da Sarauniya gurbinta, ya rufe akwati, ya naɗe tawul. Sannan ya je kanta ya ɗauki kofinsa, mai shuɗin baki, ya sa a aljihun riga.

"Baba," in ji Auta.

"Ɗauko min sandata."

Ta ɗauko. Kunya ta kama ta, amma a ƙarƙashin kunyar ta ji sanyi a ranta cewa ba a ambaci gidanta ba, kuma wannan sanyin ya fi komai ba ta kunya.

A tashar mota suka zauna a kan benci. Motoci biyu suka wuce a cike. Tsohon yana kallon titi, akwatin a cinyarsa.

"Kin sani?"

"Ban sani ba, Baba."

"Kin tambaya?"

Ta sunkuyar da kai. "Ban tambaya ba."

"To." Ya numfasa. "Kada ki tayar da maganar a gida. Kina da yara uku a ɗakin nan. In Sufeto ya kama bakin zaren ba zai saki ba sai ya ga mutum a kotu. Ni Asabar kawai na rasa."

Ya faɗe ta kamar ƙaramin abu. Ita kuwa ta san sauran kwanakin mako shida yadda suke wuce masa: rediyo, magani, barcin rana, da jiran Asabar. Ta raka shi har ɗaki, ta ɗumama masa abinci. Da za ta fita ta ga ya fito da kofin daga aljihu yana neman inda zai ajiye shi a cikin kwanuka, ya rasa, ya bar shi a kan talabijin.

Ƙarfe uku da rabi ta isa gida. Mijinta yana falo, waya a hannu, ƙafa a kan tebur, fuskarsa a sake. Mutum ne mai fara'a, ba ya duka, ba ya zagi, kuma yara suna jin ƙarar babur ɗinsa suke rugawa ƙofa. Ƙunshi huɗu ne a kan tebur, ƙanana, an manne su.

"Uwargida, sannu da dawowa. Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi."

"Madalla. Ki taimaka da waɗannan, gwanjo huɗu aka rufe yau. Na turo miki sunayen a waya. In za ki ɗauko yara sai ki biya gidan waya, ƙarfe biyar suke rufewa."

Ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannu. "Mene ne a ciki?"

"Yau kuma? Kaya ne."

"Wane irin kaya?"

"Na tsofaffi masu kuɗin banza." Ya yi dariya. "Mutumin da zai sayi kuɗi da kuɗi ai ba ya cikin matsala."

"Me ya sa kullum ni ce mai rubutawa? Ga mai buga takarda nan a bakin layi."

"Ke ba ki san darajar hannunki ba. Rubutun mutanen da ne, na masu gaskiya. Mai saye yana ganin ambulan hankalinsa ya kwanta tun bai buɗe ba. Har yabawa suke yi a shafin." Ya miƙe yana miƙa. "Wurin mai aikowa ki sa na kullum. Bari in watsa ruwa."

Ta ji ƙarar bokiti a banɗaki, sannan ta ji ya fara 'yar waƙarsa. Ta ɗauko biro da rula daga tsohuwar jakar makarantar babbar 'yarta. Ta zauna. Ba ta buɗe wayar ba.

A kan ƙunshi na farko ta rubuta sunan Sufeto, wanda yau ta san shi, ta hannun Mai Agogo, da lambar shagon da sunan titin. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin gari. Na biyu ma haka, da na uku, da na huɗu. A kusurwar mai aikowa ta rubuta cikakken sunan mijinta, da lambar gidan da take zaune a ciki, da lambar wayarsa. Rubutun ya fito daidai, sai a na ƙarshe ne wani baƙi ya ɗan karkace. Ta san mahaifinta ba zai gode mata ba. Ta kuma san yaran da za ta ɗauko nan da rabin awa za su tambaye ta wata rana, kuma ba ta da amsar da za ta ishe su.

Ta zuba ƙunshin a jaka ta rataya.

"Na tafi," ta ce a ƙofar banɗaki.

"A dawo lafiya. Ki karɓo rasit."

A gidan waya layin bai da tsawo. Matar da ke kan teburin ta ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, ta duba adireshin, ta sake dubawa.

"Duka huɗun wuri ɗaya? Ai cikin gari ne ma. Da kin haɗa su a ƙunshi guda ya fi miki sauƙi."

"A bar su haka. Yaushe za su isa?"

"Na yau da kullum sai Litinin ko Talata. In na gaggawa ne, Juma'a da rana."

"Tabbas kafin Asabar?"

"Tabbas."

"Sa na gaggawa," in ji Auta.

Matar ta ɗauki hatimi ta buga sau huɗu, ta jefa su a buhun da ke bayanta, ta ce mai bi ya matso.